Kwas a Soron Malam Bappa

Duk wanda ya yi babbar difilomar koyarwa a hannun Malam Bappa ya san ba a zama kan kujerar manya a ajinsa. Bencin 'yan aji ɗaya ya sa aka kwaso masa, irin wanda gwiwa take taɓo haɓa. A kai muke zama, mu malamai masu digiri, wasunmu da furfura. Ya ce wanda zai koya wa yaro karatu, sai ya fara ganin allo daga inda yaron yake ganinsa. Alhaji Sani, hedimastan nan na Yakasai, kun dai san jikinsa, ya zauna ranar farko ya kasa tashi.

"Malam, a taimaka da kujera."

"Alhaji, kujerarka tana ofishinka. Nan makaranta ce."

Ranar da zai fara darasin koyar da yaro a harshen da ba nasa ba, bai ce mana komai ba. Ya shigo kawai ya kama Fulatanci. Ya yi bayani, ya yi tambaya, ya nuna mutum da alli, ya yi faɗa da aka kasa amsawa. Alhaji Sani sai gyaɗa kai yake yana "To, to," kamar da kakarsa ake hira. Malama Binta kuwa, wadda ba a taɓa kayar da ita a jarrabawa ba, ta miƙe idonta jawur.

"Haba Malam! Wannan ai wulaƙanci ne. Ba ma jin komai!"

Ya ajiye alli, ya dawo Hausa a nutse. "Ke ko hantsi bai yi ba kin gaji. 'Yan ajinki haka suke wuni kina zuba musu Turanci, kuma su ba su da ikon miƙewa."

Muna tsakiyar kwas ɗin gari ya rikice. Shekarun nan ne na tashin bama-bamai, da dokar hana fita, da shingen sojoji a kowace ƙofa. Aka rufe makaranta. Mu kuwa hutun karo ilimi muka ɗauka daga wurin aiki, ba a ƙara shi. Idan shekarar ta fita ba mu gama ba, kowa zai koma ajinsa hannu rabbana. Wasu har sun fara sallama. Malam ya aiko mana da saƙo: aji ya koma soron gidansa a Dukawuya, kuma wanda ya makara zai yi shara.

Kayan aikinsa sun rage a makaranta, sai ya ce in raka shi mu riƙa kwasowa. 'Yan ajinmu, kun tuna kayan: haruffan da yake yankawa daga kwalin taliya da na sabulu, don shi a wurinsa sayen katin haruffa almubazzaranci ne. Muka iso Ƙofar Kabuga da ƙaton buhu. Wani soja, baƙo ne a Arewa, ya daka mana tsawa da Turanci. Malam, wanda ya yi karatunsa a ƙasar Turawa, ya dube shi ya ce, "Sannu da aiki, samari. Wannan buhu ne. Bu-hu. In buɗe?"

Na rage murya. "Malam, don Allah ka yi masa Turanci. Bindiga ce fa a hannunsa!"

"Na gan ta, Kabiru. In na yi masa Turanci yau, gobe wa zai yi wa tsohuwar da ta zo wucewa da ƙullinta?"

Haka ya riƙa yi duk zuwa. Ya nuna abu, ya faɗi sunansa, ya jira. Ni kuwa sai salati nake a zuci. Kafin buhunan su ƙare, muka iso wata safiya sojan ya ce, "Sannu Baba. Buɗe buhu, don Allah." Malam ya juyo gare ni fuska cike da murna. "Ka gani? Ya fi Alhaji Sani ƙoƙari."

A soron nan muka yi gwajin koyarwa da yaran unguwa, tun da su ma makarantarsu a rufe take. Akwai wata yarinya da take gama aiki kafin in gama rubuta shi a allo, sai ta hau tsokanar na kusa da ita. Na yi dabarar da kowa yake yi, na naɗa ta monita. Malam ya ce, "Madalla. Allah ya ba ka mai hazaƙa, ka mayar da ita 'yar sanda. Ba ta aikin da zai sa ta zufa mana!" Na ba ta, soro ya yi tsit.

Saura abu ɗaya: sai farfesa daga wata jami'a ya zo ya duba mu kafin a ba mu sakamako. Wanda aka naɗa ya ce shi da Kano sai gari ya lafa. Malam bai yi musu ba. Ya hau motar haya, ya je ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ofishin mutumin, duk wanda ya zo wucewa ya gaishe shi. Kunya ta sa Farfesa ya biyo shi. Da suka iso Dukawuya, aka shigar da jakarsa cikin gida wurin Hajiya, uwargidan Malam. Yana duba rabinmu aka ji wata ƙara daga nesa, ya miƙe yana neman kayansa.

"Ranka ya daɗe, jakarka tana ɗakin Hajiya," in ji Malam. "Ita kuma ta rantse baƙo ba ya barin gidanta bai ci tuwo ba. Tuwon kuwa yanzu aka ɗora ruwa. Malama Binta, bisimilla, ke ce a layi."

Ruwan nan bai tafasa ba sai da aka duba mutum na ƙarshe. Dukanmu muka fita da takardarmu a shekarar, ba a bar kowa ba.

Da muka je yi masa godiya, ya ce mu daina ɓata masa lokaci, yara suna jiranmu. To Malam, yau ba ka da ikon korarmu: mun gode. Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa duk harafin da wani yaro ya iya ta hannunmu ya same ka a can. Amin.