Gawar da Ba a Bari Ta Jira Ba

Da aka ɗora mini kula da ɗakin ajiye gawa a asibitinmu, abokan aiki dariya suka yi, wai an ba ni gadin ɗakin da ba mai kwana. Da gaskiyarsu. A wajenmu mutum ya cika da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Dangi ko zama ba sa yi, a-kori-kura suke samowa su ɗauki nasu su wuce. Amma ni na san waɗanda aka gina ɗakin dominsu: mutanen da titi yake kawo mana, ba suna, ba dangi a kusa.

Na sha wuya kafin ɗakin nan ya zama ɗaki. Na yi ta zarya har aka gyara firjin, aka sa masa sola, aka yi dakalin wanka mai magudana, aka kewaye ƙofar don kada mata masu zuwa awo su riƙa cin karo da makara. Sannan na kafa ƙa'ida guda, babban likita ya amince: gawar da ba a san mai ita ba za ta zauna har kasuwannin yankin su zagayo. Dalilina kuwa, mutanen ruga ba a gida labari yake samunsu ba, a kasuwa ne. In ka yi cigiya ranar da kasuwa ba ta ci, da iska ka yi magana.

Da damina 'yan sanda suka kawo mana wani mutum da tirela ta buge wajen Kwanar Ɗangora. Ba zai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Malfa da sanda da takalmin roba, ba waya, ba komai a aljihu. Fuskarsa lafiya lau, duk wanda ya san shi kallo ɗaya zai yi masa. Na sa shi a firji, na aika cigiya masallatai da tashoshin mota.

Washegari sai ga tawagar dattawan gari, liman a gaba. Wai sun ji an ajiye Musulmi a ƙanƙara kamar kifin Tiga.

Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Allah gafarta Malam, firjin yana aiki, ba abin da zai same shi. A bari kasuwa ta ci, danginsa su ji."

Liman ya ce, "Malam, haƙƙin mamaci a gaggauta masa sutura. Mu ne danginsa yanzu."

Babban likita, wanda shi ya amince da ƙa'idar da bakinsa, ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Ka ba su." Ba ya son a ce asibiti yana jayayya da liman. Na roƙa ko hoton fuskar a bari in ɗauka. Ya ce ai ya hana ɗaukar hoton gawa tun da wani ya taɓa yaɗa ɗaya a waya. Kayan jikinsa masu jini aka ƙone, takalmin aka bai wa mai wanka kamar yadda aka saba. Aka yi salla, sahu har bakin titi, kowa yana murnar ya samu lada.

Abin da har yau yake ci mini rai, ba a rufa wata ba wani attajirin garin ya rasu, dattawan nan dai su suka zo da kansu suna roƙon in ajiye shi ya kwana, ɗansa yana hanya daga Abuja. Ba wanda ya tuna da kifin Tiga ranar. Na buɗe firjin na sa shi.

Shi kuwa baƙon, masu cigiya sun zo bayan kasuwar Yako ta ci, kamar yadda na faɗa. Wata mata ce da goyo, tare da baffan mijinta, daga wata ruga ta bayan Badafi. Mijinta ya tafi neman saniyar da ta ɓace, bai dawo ba.

Tsohon ya ce, "Likita, mun ji kuna da baƙo. A nuna mana shi."

Na ce an binne shi. Na ɗauko malfar da sandar, su kaɗai suka rage. Matar ta juya malfar, ta shinshina ta, ta duba sandar daga kai har gindi. Irin su ne a wajen kowane makiyayi daga nan har Doguwa. Ta tambaye ni tsayinsa, na kwatanta. Ta tambayi tsagen fuskarsa, na faɗi abin da na tuna. Tsohon ya ce rabin samarin rugarsu haka suke.

Na raka su wajen liman, don ina so ya gan su da idonsa. Ya yi musu ta'aziyya mai kyau, sannan ya gyara murya ya ce a shari'a, tunda ba wanda zai shaida mijinta ne, ba za a ce ya mutu ba. Hukuncin wanda ya ɓace ne, sai dai ta kai magana gaban alƙali a yanka mata shekarun jira.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta gyara goyonta ta dubi liman ta ce, "To Malam, shi wannan in ya yi wayo ya tambaye ni babansa, in ce masa yana ina?"

Liman ya ce ta yi haƙuri.