Ardon da Bai Iya Boko Ba Ya Gano Laifina a Takardar Sulhu

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a cikina, yau dai na ce gara in amayar da ita ko wani ya kauce wa ramin da na faɗa. Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, na dawo Gwaram da difloma ta ilimin kwamfuta, kaina ya fi hulata girma. Duk wanda wayarsa ta yi masa gardama ni ake nuna masa, har aka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa ban taɓa cewa a daina ba. Da wannan sunan na aro ne aka ɗauke ni mataimakin sakatare a wani kwamitin sulhu na sa kai, wanda dattawan manoma da makiyaya na wajejen Maruta da Zandam suka kafa.

Babban aikin kwamitin sau ɗaya ne a shekara. Idan kaka ta gabato, ɓangarorin biyu su zauna su tsayar da ranar da za a saki gonaki shanu su shiga cin kara, su kuma sake tabbatar da burtali da mashaya. Abin da aka yanke sai a buga shi da Hausa a takarda biyu, ɗaya ta manoma ɗaya ta makiyaya. Yawancin dattawan ba su yi boko ba, kuma ba su cika sakin jiki da a karanta musu ba, don a cewarsu bakin mai karatu yana iya tsallake layi. Saboda haka al'adarsu ita ce a shimfiɗa takardun biyu a kan tabarma kafaɗa da kafaɗa, kowa ya bi da ido da yatsa, sai sun ga sun yi kama kamar an tsaga kara sannan a dangwala. Mai buga takardun wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna. Tun zamanin tafireta take buga wa mutanen garin wasiƙu a wani ɗan shago kusa da kasuwa, da kwamfuta ta zo ta koya da furfurarta. Sirrin gidaje da yawa ya bi ta yatsunta, ba a taɓa jin ko ɗaya a waje ba, kuma abin da take ci ke nan.

A shekarar da nake ba da labari, an gama zama an buga takarda, amma Ardo, wanda shi ne ke dangwalawa a madadin makiyaya, yana Birnin Kudu yana jinyar mai ɗakinsa a babban asibiti. Ya aiko cewa a tura masa tasu ya gani kafin ranar taro. Babban ɗansa yana aiki a can kuma yana da adireshin imel, sai shugaban kwamiti ya ce in aika. Inna ta ba ni rubutunta tsaf, ta ce in liƙa shi yadda yake in tura. Ni kuwa son a sani ya hana ni. Na shiga intanet na kwaso wani tsohon tsarin wasiƙa mai ado, da koren layi a sama da zanen zangarniya a gefe, na zuba rubutun Inna a ciki na aika. Na buɗe a wayata na ga ya fito ras, har na yi ta nuna wa abokai.

Kwana biyu ba a yi ba magana ta dawo Gwaram da zafinta. Ɗan Ardo ya je wani shago an fitar masa da saƙon a takarda, sai ga rubutun cike da wasu alamomi da ba wanda ya taɓa gani. Inda aka rubuta haɗuwa ya koma haÉ—uwa, inda aka rubuta ƙasa ya koma Æ™asa, haka birjik tun daga sama har ƙasa. Ɗan ya lallaɓa ya karanta, ya ce ma'anar ba ta canja ba, amma 'yan uwan Ardo da suka je dubiya suka ce su ba ma'ana suka tambaya ba, takardarsu ba ta yi kama da ta manoma ba, shi ke nan. Wasu suka ce an cusa sharuɗɗan ɓoye ne da yaren Turawa, wasu suka ce ai hatimi ne aka saka don a rufe wa Ardo baki. Shugaban kwamiti ya kira ni gaban dattawa ya tambaye ni yaya aka yi. Ni ma ban san dalili ba, amma Injiniya ai ba ya cewa ban sani ba. Sai na ce kwamfuta ba ta rubuta abin da ba a danna mata ba, ni abin da aka ba ni na tura. Wani ya tuna cewa gonar ƙanin Inna tana bakin burtali. Na ji shi da kunnena, na san inda maganar ta nufa, na yi gum da bakina.

Haka na shafa wa baiwar Allah kashin kaji ba tare da na ambaci sunanta ba. Aka aika mata cewa ta dakata da aikin kwamiti. Wannan ma da sauƙi. Cikin mako guda aka ɗauke wa shagonta ƙafa, domin wa zai kai sirrinsa wurin wadda aka ce tana cusa abin da ba a faɗa mata ba? Nakan wuce in hango ta zaune ita kaɗai a gaban kwamfutarta, in sauya hanya. Wallahi abinci ma ba ya yi mini daɗi, amma kullum sai in ce wa raina ƙila dai ita ce ta danna wani abu.

Da ranar taro ta matso, shugaba ya ba ni kwafin manoma mai kyau ya ce in kai wa Ardo hannu da hannu, in ba shi haƙuri. Na hau mota da safe, daga tasha ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin asibiti. Na tarar da Ardo a gindin wata darbejiya inda masu jinya ke shan iska, dogon tsoho siriri, sandarsa a kan cinya, gurɓatacciyar takardar a shimfiɗe a gabansa an danne ta da duwatsu. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya mai jiki, na fara jero haƙurin da aka aiko ni da shi. Ya ɗaga mini hannu ya ce samari, ajiye haƙurin tukuna, miƙo takardar. Sai a lokacin na lura ya bi kowace baƙuwar alama ya yi mata shaida da biro: wata ɗigo, wata gicciye, wata zagaye, wata layi a ƙasa. Ya ce zaman jinya zaman banza ne ga makiyayi, shi ya sa ya mai da takardar garke, yana kiwonta safe da yamma. Ya ce shi bai san sunan harafi ko ɗaya ba, amma ya san saniya da kamanninta, kuma waɗannan baƙin da suka shigo masa ba su da yawa kamar yadda ake ta ihu, iri huɗu ne kacal suke ta maimaituwa, sai 'yan ƙalilan a farkon magana waɗanda ya ce su ne bijimansu.

Ya jera takardun biyu, ya sa yatsa ɗaya a nan ɗaya a can, ya fara bi. Ni da difloma ina tsugune ina kallo baki buɗe. Duk inda mai ɗigo take a tasa, a ta manoma sai ka ga harafin nan mai lanƙwasa a ka da muke rubuta ɗaki da shi. Duk inda mai gicciye take, sai na ƙofa. Mai zagaye, na ɓera. Mai layi kuma harafin y mai lanƙwasa da Inna ke rubuta ƴaƴa da shi. Ya bi har layin ƙarshe, ko sau ɗaya lissafinsa bai kuskure ba. Na ce Allahu Akbar. Ya ce in duba da kyau, duk wanda aka taɓa mai ƙaho ne, gundumaye marasa ƙaho ba abin da ya same su, kuma kowane mai ƙaho ya rabu biyu. Ya ce macuci wuri ɗaya yake taɓawa ya ɓoye hannunsa, ba ya bin kowane layi yana barin sawu iri ɗaya. Wannan aikin abin da ba shi da zuciya ne, wata ƙofa ce aka bi da garken wadda ba ta san masu ƙaho ba. Sannan ya dube ni, ba faɗa ba tsawa, ya tambaye ni tsakanin hannun tsohuwar nan da hannunsa, ta hannun wa takardar ta bi.

Na ce ya ba ni sa'a ɗaya, na nufi shagon da aka fitar da takardar. Na rubuta alamomin nan huɗu yadda Ardo ya ware su na bincika, sai ga bayanin ya fito, abin da aka taɓa koya mana a aji ina gyangyaɗi. Ashe kwamfuta ba harafi take aikawa ba, lambobi take aikawa, kuma a goshin kowane saƙo akwai layi ɗaya da ke gaya wa mai karɓa da wane tsari zai mayar da lambobin haruffa. Rubutun Inna yana kan tsarin zamani da ake kira UTF-8, wanda ya san haruffan duniya, yana ajiye kowane harafinmu mai lanƙwasa da lamba biyu. Na buɗe cikin saƙona, can sama a cikin adon da na kwaso, sai ga layin yana shelar wani tsohon tsari na Turawan Yamma wanda ke ɗaukar kowace lamba harafi guda. Wayata ta yi biris da shelar ta karanta daidai, tsohuwar kwamfutar shagon kuwa ta yi biyayya, ta raba kowane mai ƙaho biyu, daidai yadda tsohon ya faɗa. Na goge sunan tsohon tsarin na rubuta na daidai, na sake turawa, aka fitar. Takarda ta fito fes. Na tsaya ina jujjuya ta ina mamakin yadda kalma ɗaya da ido ba ya gani ta kusa haɗa gari faɗa, da yadda mutumin da bai taɓa taɓa kwamfuta ba ya hango ta daga gindin bishiya.

Na koma na durƙusa na gaya wa Ardo komai. Ya ce ba shi zan gaya wa ba, in kai maganar inda na zubar da waccan. Ranar taro, bayan an jera takardu an ga sun dace an dangwala, na miƙe gaban manoma da makiyaya na ce laifina ne, Inna ba ta danna komai ba, kuma na ji ana zarginta na yi shiru. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijo ya ce to Injiniya, ashe injin naka ne ba mai, aka yi dariya, daga ranar sunan ya bi ruwa.

Zuwa gidan Inna ya fi mini taron wuya. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare ni har na gama. Ta ce ɗan nan, ta yafe duniya da lahira. Amma ta ce ba korar ce ta fi ci mata rai ba, ba kuma maganar mutane ba. Da ta ji mai ilimin abin ya ce kwamfuta ba ta rubuta abin da ba a danna ba, sai ta yarda da ni ta ƙaryata hannunta. Zaman da nake ganin tana yi a shago, takardar nan take sake bugawa, ta buga ta goge, tana neman maɓallin da ta taɓa ba ta sani ba, har ta yanke cewa tsufa ne ya ci idonta kuma wataƙila ta daɗe tana ɓata wa mutane wasiƙu. Ta ce yanzu ta ji gaskiya, amma in ta ɗora yatsu sai su yi ta rawa. Kwamiti ya roƙe ta, mutane suka dawo da takardunsu, ba ta sake buga wa kowa ba. Wanda duk ya je, sai ta tsara masa maganar da baki ta ce ya kawo mini in buga, wai yaron nan yanzu ya san ciwon abin. Har yau mafi yawan masu zuwa wurina ita ce ta turo su, kuma ban taɓa karɓar ko ɗaya ba ba tare da na ji nauyi a ƙirjina ba.

Abin da na koya, ilimi ba a takardar shaida yake zaune ba, Allah yana ajiye shi inda ya so, har a idon makiyayin da ya iya kallon abu da haƙuri. 'Yan uwana masu aikin kwamfuta, idan kuka ga rubutun Hausa ya rikiɗe a imel, ku dubi tsarin da aka shelanta a goshin saƙon kafin ku dubi mutum, ku kuma gwada saƙo a na'ura fiye da ɗaya kafin ku ce ya yi. Wanda kuma mutane suka ɗauka masani, ya ji tsoron Allah da bakinsa, don maganarsa ba kunne kawai take shiga ba. Da na ce ban sani ba a gaban dattawan nan, kunyar yini ɗaya zan ji. Ban faɗa ba, sai wata baiwar Allah ta biya da sana'ar da ta yi shekara talatin tana riƙe da ita da amana.