Ranar da Aka Fara Haƙa Kabarin Bappa Bakoji

Bappa Bakoji yayan babana ne, shi ne ɗan farin Kaka. In ka taɓa sayen zuma a kasuwar Birnin Gwari wajen wani dogon Bafulatani da ba ya yarda a tsoma masa yatsa a jarka sai dai tsinke, to shi ne.

Da can makiyayi ne. A rugarmu ta wajen Damari ya tashi, sanda a kafaɗa, har shekarar da aka zo aka kore shanun kaf, muka tattaro komatsanmu muka dawo bakin gari. Wasu suka kama acaɓa, wasu suka tafi haƙar zinare. Shi ya ce ba zai iya zama inda ba ya jin kukan tsuntsu ba. Sai ya koma saƙa amya, wato gidan ƙudan zuma, yana ratayawa a kan ɗorawa da kaɗanya a gefen daji.

Mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Kunya ce, haka muka tarar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Kaka ta ce Bakoji ba, sai dai "wancan". In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ka tambaye ta yadda ya yi ƙuruciya, ta ce maka je ka tambayi shanu.

Bazarar bara, da hanya ta ɗan lafa, ya fita da safe duba amyarsa. Abokinsa Lazarus ne ya ɗauke shi a mashin. Lazarus mutumin kudancin Kaduna ne, manomin masara, tare suke shiga daji shekara da shekaru. Ranar Litinin ce, Bappa na azumi, ga zafi kamar a gasa mutum. Yana kan bishiya iska ta juya hayaƙin da yake korar ƙudan da shi, ƙudan suka yo kansa, fuska, wuya, cikin riga, ko'ina. Da ƙafarsa ya sauko. Ya ce, "Laz, ƙasa na juyawa." Sai ya zube.

Lazarus ya girgiza shi, shiru. Ya kama wuyan hannunsa, bai ji komai ba. Ya yage rigar ya kara kunne a ƙirji, gefen hagu, inda kowa ya san zuciya take. Shiru. Ba sabis a wajen balle ya kira wani. Ya goya shi, ya ɗaure da rawanin Bappa, ya taho gida yana kuka yana tuƙi.

A tsakar gida Baba ya kara kunne, hagu. Liman maƙwabcinmu ya kara, hagu. Fuska ta kumbura, jiki ya yi sanyi, numfashi ba a ganin alamarsa. Liman ya ɗago ya yi salati. Mata suka ɗauki kuka. Aka ce da wannan zafin da wannan kumburin kar a ja lokaci, a kai shi kafin la'asar. Samari suka ɗauki diga da shebur suka nufi maƙabarta. Aka ɗora ruwan wanka.

Kuma kafin wani ya zo min nan da "jahilci ne", dakata. Kai da kake zaune inda asibiti ke bayan gidanku, ka taɓa riƙe ɗan'uwanka ya yi laƙwas, ba likita, ba na'ura, sai kunnenka? Abin da suka sani suka yi.

Duk wannan Kaka na zaune a bakin ɗakinta, ta ba da baya. Ba ta kuka. Ko mutuwa ce, uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Lazarus ya je ya durƙusa.

"Inna, ki yafe ni. Ni na kai shi."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ka saurara?"

"Na saurara, Inna. Ba ta bugawa."

"Ta ina?"

Ya dafa ƙirjinsa na hagu.

Wallahi ban taɓa ganin tsohuwar nan ta miƙe da sauri haka ba. Ko sandarta ba ta ɗauka ba. Ta ratsa maza, har da Liman, ta yaye zanen da aka lulluɓe shi. Baba ya ce, "Inna, haba Inna, ki yi haƙuri." Ta ce, "Matsa min." Ta durƙusa ta kifa kunnenta a ƙirjin ɗan da ta fi shekara hamsin ba ta taɓa ko hannunsa ba. Gefen dama.

Gidan ya yi tsit, har ƙarar ruwan da ke tafasa muna ji.

Ta ɗago ta ce, "Wancan bai mutu ba. Tasa a nan take."

Liman ya sa kunne inda ta nuna. Ya daɗe. Sai ya zabura ya ce, "Ku kira nas! Ku je ku tsai da masu haƙa!"

Lazarus ya figi mashin ya ɗauko Sabina, ƙanwar matarsa, ma'aikaciyar jinya. Ta taɓa gefen wuyansa, ta yi masa allura a cinya, ta rataya ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusar da muke rataya fitila. Can sai yatsunsa suka motsa. Ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe. Ya bi robar ƙarin ruwan da kallo har hannunsa, ya ce da wata 'yar murya, "Wa ya karya min azumi?"

Sabina ta ce, "Ni ce, Bappa. Kai ƙarata."

Mata suka rasa kuka za su ci gaba da yi ko dariya, suka haɗa duka biyun.

Da ya ji sauƙi muka kai shi Kaduna aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan ya ɗaga hoton, ya juya shi, ya sake juyawa, ya ɗauka an kife ne. Da ya tabbatar, sai ya zana mana a takarda. Ya ce zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, ɗakuna huɗu gare ta. Biyu suna karɓar jinin da ya gaji su tura shi huhu ya sha iska, biyu suna karɓo shi daga huhu su harba shi jiki gaba ɗaya. Kusan a tsakiyar ƙirji take, amma tsininta ya karkata hagu, shi ya sa a nan aka fi jin bugu. Na Bappa kuwa gefen dama ya karkata. Hantarsa ma hagu take, komai nasa kamar a madubi. Haka aka haife shi, ba safai ake samun irinsa ba, kuma zuciyar lafiyarta ƙalau. Dafin ƙudan da ƙishirwa su suka kayar da ƙarfin jininsa, bugun ya yi rauni har ya ɓace a wuyan hannu. Ya ce ko wane ne ya faɗi, kar a tsaya ga kunne, a kai shi wajen ma'aikacin lafiya kafin a ce ya cika.

Da muka dawo na tsare Kaka. Na ce, "Ke tsohuwa, kin san wannan tun yaushe?"

"Tun ina ba shi nono. In na rungume shi ta nan nake jin ta."

"Shi ne ba ki gaya wa kowa ba? Da an binne miki ɗa da rai fa!"

Ta harare ni. "Kai mijin banza, in zauna ina ba mutane labarin ƙirjin wancan? Wa ya tambaye ni?"

Sai ta ce a hankali, "Na ɗauka zan riga shi. Ban zata ranar za ta zo ina nan ba."

Samarin da suka yi haƙa har yau suna masa tsiya, wai ya sa su aikin banza cikin rana. Sabina ta hana shi hawa bishiya, ta ce harbi na gaba zai iya fin wannan. Ya ji rabi. Yanzu Lazarus ke hawa, shi yana can nesa yana ba da umarni kamar gonar ubansa.

Amma ba ya shiga daji da kowa sai ya yi abu ɗaya. A bakin hanya zai ɗage riga, ya kamo kan mutum ya manna a ƙirjinsa na dama.

"Ka ji ta?"

"Na ji, Bappa."

"To hau mu tafi."