Sunan da Yaya Rabi ta ƙi faɗa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Rabi, kuma har yau in na wuce asibitin haƙorin nan na bayan Fordham Road sai zuciyata ta tafasa. Ana ta ba ni haƙuri. Haƙurin mutuwa na yi shi tun tuni. Abin da aka yi mata da ranta ne ya ƙi haɗiyuwa.

Turaren wuta da atamfa take sayarwa, kuma duk unguwarmu ta Bronx ba wanda ya isa ya yi mata wayo a ciniki. Ciwon dasashi ya kai ta wurin likita, babban ɗanta Bashir ya raka ta don ya yi tafinta. Likita ya ce a cire haƙoran sama duka a sa na roba, har da haƙorin Makka da ta sa a hajjinta. Ta ce a'a, a yi mata magani a bar mata abinta, in ya faɗi da kansa shi ke nan.

Daga wannan a'ar likita ya fara shakkar hankalinta. Ya nuna Bashir ya ce ta faɗi sunansa. Matar da ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba tun haihuwarsa, a gaban baƙo za ta fara? Ta sunkuyar da kai. Ya tambayi sunan marigayi mijinta, ta kau da fuska. Sai ya yanke cewa tsohuwa ba ta gane iyalinta, ba za ta iya zaɓar wa kanta magani ba.

Bashir na tsaye, bai buɗe baki ya ce al'adarmu ce ba. Sauri yake ya koma layin tasi a filin jirgin sama na JFK, kuma dama shi ma so yake a cire a huta. Ya sa hannu a madadinta. Ranar aikin aka ce mata wanke baki za a yi.

Ni aikin kula da tsofaffi nake yi, na san abin da doka ta ce. Kowane baligi mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma ƙin shawarar likita ba hauka ba ne. Abin dubawa shi ne ko mutum ya fahimci ciwonsa, ya san abin da zai biyo baya in ya ƙi, ya kuma faɗi zaɓinsa. Yaya Rabi ta yi duk wannan da bakinta, ba dai wanda ya saurara.

Haƙoran ba su ne babbar asarar ba. Magana ta zaga cewa Hajiya ta ruɗe. Aka karɓe makullin shagonta, aka daina shawara da ita ko a auren jikarta. Shekara biyun da suka rage mata, a gabanta ake zancenta kamar ba ta ɗakin.

Yanzu ni ma tsufa ya kai ni kujerar gaban likita. Likitar da nake gani takan kira tafinta ta waya, ta dube ni, ta ce in maimaita mata abin da na gane. Da Yaya na nan, da ta taɓe baki ta ce sai yanzu suka waye. Amma a ɗakin jira har yau ina ganin 'ya'yanmu suna amsa wa iyayensu tambaya kafin su motsa leɓe, likitoci kuma suna jin daɗin sauƙin.

Me ya rage nata? Jikokinta dai abin da suka riƙe shi ne kakarsu ta ruɗe a ƙarshe, kuma wannan ƙarya ce. Da hankalinta ta koma ga Allah, ni ce shaida. A jinyarta ta ƙarshe ta rufe baki da gefen mayafi, kamar yadda ta saba tun bayan aikin, ta ce da ni: "Hadiza, ashe a garin nan kunya hauka ce?"

Allah ya jiƙan Yaya. Bashir ya nemi gafarar kowa a wurin jana'iza, amma ita bai taɓa neman tata ba.