Akurkin Karen Kawu Ishaya

Duk wanda ya taɓa raka Kawu Ishaya kanti ya san ba ya sayen abu sai ya auna shi da hannunsa. Shekara ashirin da wani abu ya yi a Greensboro, amma bai taɓa yarda da inci ba. Cewa yake tef ɗin awo wani ne ya rubuta lambobinsa, hannunsa kuwa tare suka zo daga Zonkwa. Labule, katifa, har busasshen kifin shagunan titin Gate City, sai ya ɗora taƙinsa a kai yana ƙirgawa, mutane na layi a bayansa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, ni ce kuma direbarsa tun da likita ya hana shi tuƙi, don haka ni na sha mafi yawan kunyar.

Karen kuwa kun san shi. Wata tsohuwar Baturiya da Kawu yake gyara wa lambu a Irving Park, unguwar masu kuɗi, ce ta bar masa shi lokacin da 'ya'yanta suka ɗauke ta. Tun a mota Kawu ya yar da sunansa na Turanci, ya raɗa masa Ba-ruwanka. Ranar da Fasto ya zo gaisuwa ya tambayi sunan karen, Kawu ya faɗa masa. Fasto ya ajiye kofin shayi ya miƙe. Sai da na bi shi har mota na yi masa bayani.

Rigimar ta taso ne da Ba-ruwanka ya kori mai gyaran famfo har bakin titi. Manajar gidan hayar ta aiko da takarda: duk ranar da ma'aikata za su shigo, a kulle kare a keji, in ba haka ba ya bar gidan. Kawu ya ce in kare ya fita shi ma ya fita. Mutum mai shekara saba'in da huɗu, ga shi ba kowane gidan haya ke karɓar ƙaton kare ba. Na ruga na sayo kejin waya na kai masa. Ya zagaya shi sau biyu.

"Laraba, wa ya kashe?"

"Wa, Kawu?"

"Karen mana. Na ga kin kawo masa gidan yari."

Shi saƙaƙƙen akurki yake so, irin wanda kajin kakata suke kwana a ciki. Haka muka yi ta yawon kantuna har muka dace da wani mai ruwan ƙasa, saƙarsa kamar ta kwando, samansa a shafe kamar tebur. Yarinyar kantin ta ce a zaɓi wanda kare zai miƙe tsaye bai sunkuya ba, ya juya, ya kuma kwanta ya miƙe ƙafafu. Kawu ya ce maganarta da hankali. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, sannan ya miƙo mini hularsa, ya durƙusa, ya cusa kai da kafaɗu ciki. Daga can ya sanar da mu cewa iska na shiga. Sai kuma muka ji ƙaras. Ashe cizawa ya yi.

Ya fito yana goge baki ya ce roba ce, an yi mata kwalliya. Yarinyar ta ce da gangan aka yi haka, don na itace kare cinye shi yake, wannan kuwa ana wanke shi da ruwa. Kawu ya ce in faɗa mata karensa a Irving Park ya tashi, yana da tarbiyya.

Ya ƙi saya, ya ce shi zai saƙa nasa. Ya sayo tsumagun saƙa, ya jiƙa su a bahon wanka, shi ya koma wanka da bokiti. Mako uku yana saƙa. Tsakani da Allah ya yi kyau. Ranar Lahadi muka sa Ba-ruwanka ciki don gwaji, muka tafi coci. Da muka dawo, ga shi kwance a kujerar Kawu, guntun tsumagiya a baki, gefen akurki ya zama taga. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza ƙofar.

"Kin ga tarbiyya? Ƙofar tana nan a kulle, bai taɓa ta ba."

Washegari muka koma kantin. Ya ce wa yarinyar karen wani abokinsa ne yake bukatar na robar. Ta naɗe takardar saye, ta ce a gaida abokin. Manaja ta zo ta gani, magana ta mutu. Daga nan duk baƙon da ya yaba saƙar, Kawu ba ya cewa shi ya yi, ba ya kuma cewa saya ya yi. Sai ya dubi hannuwansa ya ce Allah ne mai ba da baiwa. Wasunku da ke dariya yanzu, har oda kuka ba shi.

Safiyar da zan kai shi asibiti, ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya tuɓe tsohuwar rigar sanyinsa ya shimfiɗa a cikin akurkin, ya ce roba tana da sanyi, kafin ya dawo. Karen yana gidana yanzu. Rigar ban iya wanke ta ba har yau, a kanta yake kwana.

Ubangiji ya karɓi Kawu da hannu biyu, ya ba shi hutawa. Mu kuma ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.