Mai Hoto a Cikin Gwado

Jikata ce ke rubutawa, ni ke faɗa, don ban taɓa zama a aji ba. Amma a unguwarmu ta Funtua, a zamanin da auduga ke da daraja, duk masaƙin da ke son zare mai laushi ƙofata yake aikowa. Har daga Danja ake zuwa.

Ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba na kallonsa ido da ido. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tarar. Ana yaye shi goggonsa, ƙanwar mijina, ta ɗauke shi zuwa Malumfashi, can ya girma. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango. In zan ba shi abinci sai in ce, "A kai wa yaron nan."

Wata shekara bayan kaka, yana karatu a Zariya, sai ga shi da goggonsa da wani abokinsa, ɗan Bayaraben da ke sayar da kwanuka a kasuwarmu, haifaffen nan, Hausa a bakinsa kamar tawa. Suna ɗauke da akwati.

Goggon ce ta yi min bayani. Wai ɗalibai ke gasa, kowa ya ɗauko hoto mai motsi na wata sana'a, a nuna a babban ɗaki, kuɗin ƙofa a saya wa kutare magani da barguna. Shi ya zaɓi kaɗi. Na'urar ɗaukar hoton da ke cikin akwatin ta aro ce, ranar Litinin za a mayar, in bai samu komai ba a cire sunansa.

Na ce, "Masu kaɗi sun ƙare a garin ne?"

Ta ce, "Ke ma kin san amsar. Kina so ne in faɗa ki ji daɗi."

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko mazari da taskira da alli. Abokin ya riƙe wani abu kamar muciya, wai shi ke kama murya. Yaron nan ya ɗora na'urar a kafaɗa ya manna idonsa a jikinta. Sai abokin ya ce, "Mama, ki dubi gilashin nan ki gaya mana yadda ake yi."

Na duba inda gilashin yake. A fuskar yaron nan yake. Na gyara zama na ba su gefe, na murza mazari.

Ya zagayo gabana, na juya. Ya sake zagayowa, na sake juyawa. Goggonsa tana ta dariya har da riƙe ciki, tana cewa sai mun gama zagaye gidan kamar masu sussuka. Tambayoyin abokin kuwa na amsa su da "i" da "a'a", ni da mata ke taruwa a ɗakina don jin labari.

Da la'asar na ji su a zaure. Abokin yana cewa, "Ƙeya da ɗankwali kawai muka ɗauka. Bari ni in riƙe na'urar."

Yaron nan ya ce, "Hannunka rawa yake yi. Kuma ni nake so in ɗauka."

Tuwon da na aika masa ya dawo da saura.

Na kwana ina tunani. Ba zan zubar da kunyar da na riƙe tun ina yarinya don wata na'ura ba, kuma ba zan bari a ce ɗan gidan nan ya koma hannu wofi ba. Sai na tuna mai hoton bakin tasha, wanda ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Na taɓa zama gabansa, na kalle shi sosai, ban ji komai ba.

Da safe na buɗe adaka na ciro gwado, na miƙa wa goggon. Na ce, "Ni mai hoton da na sani lulluɓe yake aiki. A gaya wa mai hoto ya rufa."

Ta dube ni, ta dubi gwadon, wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta lulluɓe shi tun daga kai har gwiwa, gilashin kawai ya leƙo.

Na zauna na fuskance shi. Na ce, "Sannu da aiki, Malam mai hoto. Daga wane gari?"

Daga cikin gwadon aka ce, "Daga Malumfashi, Inna."

"To, ka yi nisa. Buɗe kunnenka."

Na nuna masa yadda ake gurje auduga a kan dutse a fid da iri, yadda ake shiɓa ta da baka har ta tashi kamar kumfa, yadda ake shafa alli a yatsa kada zare ya kama. Na faɗi bambancin abawa da siririn zare. Bakina ya buɗe, na yi ta zuba. Sai na ce, "Gwadon da ke kanka ma ni na kaɗa zarensa. Ina da cikin fari na fara, na gama bayan suna. Da shi na goya yaron har aka zo aka ɗauke shi. Goggonsa ta ce in haɗa mata da gwadon, na ce ya ɓace."

Goggon ta ce, "Lallai, yau na ga ɓatacce."

Gwadon ya ɗan motsa, gilashin ya sunkuya ƙasa. Abokin ya ce a hankali, "Riƙe da kyau, malam." Gilashin ya ɗago, na ci gaba da kaɗi ina kallonsa har zaren ya cika mazari.

Ban je Zariya ba. Abokin ne ya zo ya ba ni labari, wai ɗakin ya cika, an saya wa kutare abin da aka yi niyya, nasu ya zo na biyu. Na farko wani ne da ya ɗauko maƙera. Na ce ba laifi, ƙarfe ya fi auduga ƙara.

Yaron nan yanzu da furfurarsa da jikokinsa. Har yau daga bakin ƙofa yake gaishe ni, har yau bango nake kallo. Gwadon dai da ya tashi komawa makaranta ya naɗe shi ya sa a jakarsa, ina gani ta wutsiyar ido, ban aika a karɓo ba.