Takalman da aka adana mana

Yanzu in ana maganar kofin ƙwallon mata na ƙasa, sai a fara da ƙungiyoyin Yamai, kamar mu na karkara ba mu taɓa buga balo ba. Wallahi abin yana ba ni haushi. Mun buga, mu ƴan matan kolej na Bande, da ƙafa tsirara a cikin rairayi.

Gwanarmu wata ƙawata ce, ƴar masu shanu daga wajen Kwaya. In ta ɗauki balo, kai, sai dai ki bi ta da ido. Da ƙyar mahaifinta ya yarda ta yi wasa, shi ma da sharaɗi: in muka ci wasan Damagaram muka wuce Yamai, ta ci gaba, in ba haka ba, ta koma gida ta taya uwarta tatsa.

Tun da sauran lokaci aka aiko mana takalman wasa, don a can ba a shiga fili babu su. Mushe, kamar yadda muke kiran malamin da ke horar da mu, ya kulle su a akwati. Iyayenmu suka yaba masa. A wurinmu sabon abu ba a taɓa shi sai ranarsa, kamar kayan Sallah. Wa zai ɓata sabon takalmi a horo? Mu ma ko a jikinmu.

Ranar wasa muka sa su. Wayyo! Ƙafar da ta saba da ƙasa ta ji kanta a kurkuku. Muna gudu kamar an ɗaura mana turmi. Kafin hutu dugadugan ƙawata sun saɓule, safa ta jiƙe da jini. Ta cire takalman ta koma fili, alƙalin wasa ya mayar da ita. Ta sake sawa tana kuka, ta ɗingisa har aka tashi. Aka cinye mu.

Na daɗe ina jin zafin mushe. Yanzu na daina, don abin da ya san daraja ne ya yi.

A hanyar dawowa ƙawata ta ce direba ya tsaya a mararrabar rugarsu. Ta ɗaure takalman da igiyoyinsu ta miƙa wa mushe.

"Ka ba wata," in ji ta. "Amma don Allah ta fara sawa tun gobe."

Ta sauka, ta bi ta cikin gonakin gero tana taka ƙasa a hankali.